Barin Yaro a Hannun Dangi: Jagora ga Uwa Mai Fita Neman Abinci

Mai sharar asibiti, malamar makarantar kuɗi ta cikin unguwa, mai tsince riɗi a kasuwar Dawanau, mai aikatau a gidajen masu hali, ma'aikaciyar kamfani a Sharaɗa ko Bompai, dukkansu tambaya ɗaya ke hana su barci da zarar an gama wanka an yi arba'in: wa zan bar wa jinjirin nan? Gidan rainon yara na kuɗi ba na talaka ba ne. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne, kuma mata da yawa ba sa ganin ko kusa da haka a ƙarshen wata. In aka cire kuɗin adaidaita sahu da na cefane, babu abin da zai rage a biya mai raino. Dole a koma inda aka saba komawa, wajen uwa, uwar miji, gwaggo, inna, ƙanwa, facala, wani lokaci ma abokiyar zama.

Wannan arziki ne da Allah Ya ba mu. Mun taso mun ga ana kai yaro yaye gidan kaka, mun ga gwaggo ta riƙe ɗan ƙaninta har ta yi masa aure. Amma yaye na 'yan makonni daban ne da ajiye jinjiri kullum daga bakwai na safe zuwa la'asar sakaliya, wata da watanni. Abin da na ga ya fi ɓata wannan tsari kunya ce da kara. Uwa tana jin nauyin ta faɗi yadda take so a kula da ɗanta, mai riƙo tana jin nauyin ta ce ta gaji, kowa ya haɗiye, har ranar da abu kaɗan zai tashi a yi baram-baram. Yawancin abin da zan faɗa a nan hanyoyi ne na yin magana tun da wuri, cikin ladabi, kafin ta zama ƙorafi.

Ki fara da wajen aikinki, tun kina da ciki

Kafin ki nemi alfarmar kowa, ki san kwana nawa kike da su. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, kuma in ta kai wata shida tana aiki a wurin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta a lokacin hutun. Dokar ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a cikin lokacin aiki don ta shayar. Jihar Kaduna ta ƙara wa ma'aikatanta mata hutun zuwa wata shida a 2019. A Nijar dokar aiki mako 14 ta ba da. Na san mai aikatau da mai aikin yini ba su da takardar da za su ɗaga wa kowa, amma sanin cewa abin yana cikin doka yana ƙara wa mace ƙarfin gwiwar buɗe baki. Ki tambayi uwar ɗakinki ko shugabar makarantar tun cikin yana wata shida ko bakwai: za a bar ki ki zo da goyo a watannin farko? Za a haɗe miki rabin awa biyun nan ki tashi da wuri? Akwai ɗakin da za ki keɓe ki tatsi nono? Amsar da kika samu ita za ta nuna miki awa nawa ne ainihi yaron zai yi a hannun wani.

Zaɓen wadda za ta riƙe

Kada ki zaɓa don wance ce ta fi kusa da ke a jini, ko don kada a ce kin tsallake ta. Ki duba lafiyarta da farko. Tsohuwar da gwiwa ke damu za ta iya da jinjirin wata uku da ke kwance, amma yaro mai rarrafe ko mai tatata zai fi ƙarfinta. Wadda idonta ya yi rauni ba za ta auna magani daidai ba. Wadda ta fi mako biyu tana tari, a fara kai ta asibiti a yi mata gwajin tarin fuka kafin a miƙa mata jinjiri. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka tanada.

Sai ki duba harkarta. Mata kaɗan ne ke zaune haka kawai. Wata tana suyar ƙosai da safe, wata awara da yamma, wata tana da ɗinki, wata tana zuwa Islamiyya. Wadda ke gaban kaskon mai mai tafasa daga shida zuwa goma ba ta da hannun riƙe yaro a wannan lokacin, komai son da take yi masa. Ki ƙirga yaran da ke gidan da kuma manyan da ke zaune da rana. Ki lissafa nisa: in sai kin hau mota biyu kafin ki kai shi, kuɗin motar zai cinye abin da kike ganin kin rage.

Tsakanin gidanku da gidan su miji, kowanne da sauƙinsa da wuyarsa. Mahaifiyarki za ki iya ce mata "Umma, don Allah kar a ba shi ruwa" ta yi miki faɗa ta kuma ji. Uwar miji ba a yi mata haka. In aure ya mutu kuwa, yana da kyau ki san cewa a mazhabar Malikiyya, bayan uwa, kaka ta wajen uwa ce ke gaba a haƙƙin riƙon yaro, kuma ciyarwa da tufatarwa suna nan a wuyan uba ko a ina yaron yake.

Ranar neman alfarma

Wannan ba maganar waya ba ce, ba kuma saƙon da za a ba yaro ba. A je gida, a zauna, a gaisa. In gidan su miji ne, shi zai fara magana, ke ki biyo baya. Kin durƙusa gefen tabarma, Hajiya tana riƙe da jikan tana yi masa wasa, sai ki ce:

"Hajiya, hutun nawa zai ƙare ƙarshen watan nan, kuma ba mu da inda hankalinmu zai kwanta da angon naku kamar wajenku. Amma don Allah in zai yi muku nauyi ku faɗa mana, ba za mu ji komai ba."

Kusan kullum amsar ɗaya ce: "Haba 'yar nan, ɗa ai na kowa ne, balle nawa. Ku kawo mini mijina."

A nan ne mata da yawa ke yin godiya su tashi, alhali maganar ba ta ma soma ba. Ki ci gaba a hankali. Ki faɗi ƙarfe nawa za ki kawo shi, ƙarfe nawa za ki ɗauka, da ranakun da ba ki zuwa aiki. Ki tambaye ta ranakun da take da uzuri, ranar asibitinta, ranar kasuwa, lokacin tafsiri in azumi ya zo. Ki tambaya wa zai karɓe ta in za ta yi salla ko ta shiga wanka. Sannan ki sa wa abin iyaka: "Mu gwada zuwa ƙaramar salla mu gani, in akwai abin gyara sai a gyara." Wannan jimlar tana buɗe wa ku duka ƙofa. Ita za ta iya cewa ta gaji ba tare da an ce ta ƙi jikanta ba, ke ma za ki iya canza shawara ba tare da an ce kin raina riƙonta ba.

Mako guda ko biyu kafin ki koma aiki, ki fara kai shi na awa biyu, gobe uku, jibi rabin yini. Yaron zai saba da hannunta da shan nono a kofi, ita ma za ta gane kukan yunwarsa da na barcinsa, ke kuma za ki ga gidan da idonki a lokacin da za a riƙa barin sa.

Maganar kuɗi

Nan ne na fi so a tsaya. Riƙon yaro aiki ne. Wanke kashi ne, goyo ne har baya ya ƙage, hana kai barcin rana ne, fasa zuwa biki da gaisuwar mutuwa ne. Don wadda ta yi shi 'yar'uwarki ce, wannan bai mai da shi ba komai ba. Galibi ba za ta taɓa cewa ki biya ta ba, in ma kika ce "nawa zan riƙa ba ku" za ta ji kin zage ta. To kada ki tambaya, ki yi kawai.

Abu biyu ne, kar ki haɗa su. Na farko kayan yaron: garin kununsa, sabulun wankinsa, famfas ko tsummokaran da kika tanada, gawayi ko gas ɗin da za a dama masa kunu, da ɗan kuɗin ko-ta-kwana da za ki bari a ƙulle don kuɗin mota zuwa asibiti. Wannan ba kyauta ba ce, kuma bai kamata ko sisi ya fita daga lalitarta ba. Na biyu nata ne na kanta. Ranar da albashi ya shigo, kafin ki biya bashin mai kanti, ki ware nata komai ƙanƙantarsa, ki miƙa da hannu biyu ki ce, "Ga wannan a sayi goro." In ta mayar miki, ki juya shi ya zama abu: kwanon shinkafa, sabulu da man shafawa, katin waya, maganin hawan jininta na wata. In kina adashi, ki sa a ranki cewa kwasa ɗaya a shekara akwai turmin atamfarta a ciki. Abin da ya fi yawan kuɗin muhimmanci shi ne ya riƙa zuwa a kan lokaci ba tare da an tuna miki ba.

Kuma wannan nauyi ba naki ke kaɗai ba ne. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyarwa da tufatarwar mai shayarwa a kan uban yaro. Ki zauna da maigida ku raba: shi ya ɗauki garin kunu da magani, ke ki ɗauki sabulu da na goro, ko yadda ya yi muku. In kun rabu ya yi watsi da yaron, a fara da manyansa. In abin ya faskara, Hisba a inda take tana sasanta irin wannan, kotun shari'a kuma tana yanka wa uba abin da zai riƙa bayarwa.

Nono da abinci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jinjiri ya sha nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa kar a ba shi, sannan a ci gaba da nono tare da abinci har shekara biyu. Mai fita aiki za ta iya, amma sai da shiri. Ki shayar da shi ya ƙoshi kafin ki fita, ki shayar da zarar kin dawo, da dare kuma kar ki hana shi. Da asuba ki wanke hannu da sabulu ki tatsa a kofi mai murfi wanda aka wanke aka zuba wa tafasasshen ruwa. Ki raba shi kofi biyu ko uku, don wanda yaro ya sa wa baki ba a ajiye shi sai an jima. Nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyi. A zafin bazara, lokacin da Kano da Sakkwato da Maraɗi ke haura digiri 40, a sa kofin a cikin kwano mai ruwan randa, a ajiye a inuwa, kuma a fara ba shi da wuri. A firij mai wuta tsayayya yana kai kwana huɗu, amma in wutar unguwarku ta je-ka-ka-dawo ce kar ki dogara da shi. Ba a tafasa nono. A tsoma kofin a ruwan ɗumi kawai. A ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, yana zaune a cinya, a bar shi ya kurɓa da kansa, kar a ɗura. Fida tana da wuyar wankewa, kuma ita ce hanyar gudawa a gidaje da yawa. Ke ma a wajen aiki ki riƙa tatsa in nono ya cika, ko da ba ki da inda za ki adana, don kada ya ɗauke ko ya yi miki ciwo.

Tsofaffi da yawa ba sa yarda da hana jinjiri ruwa. "Da zafin nan? Mu da muka raine ku ruwa muka ba ku, ga ku nan kun rayu." Kar ki ja da ita, kar kuma ki ce ke kin fi ta sani. Ki tafi da ita awo ko ranar rigakafi, ta ji daga bakin ma'aikaciyar asibiti cewa mafi yawan nono ruwa ne, kuma ruwan da ake ba jinjiri shi ke cika masa ciki ya kuma kawo masa zawo. Abin da ta ji da kunnenta a asibiti, gobe ita za ta riƙa faɗa wa maƙwabta.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. In wadda kika bar wa yaron tana da goyo, tausayi zai iya sa ta ba shi nononta in ya dame ta da kuka. Ku yi maganar tun farko. A mazhabar Malikiyya, ko sau ɗaya nono ya isa cikin yaro a shekara biyun farko, ya zama ɗanta na shayarwa, aure ya haramta tsakaninsa da 'ya'yanta, kuma mu mutane ne masu auren zumunci. Ban da haka, cuta mai karya garkuwar jiki tana bi ta nono. In dole ta sa, a yi da sanin iyaye, a yi gwaji, a kuma sanar da dangi.

Daga wata shida sai a fara abinci. Ki soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa sama-sama, ki niƙa, ki ajiye garin a mazubi mai murfi a gidan da yake yini. Kunun ya yi kauri yadda zai zauna a cokali, don tsararo ruwa ne kawai ke cika ciki. A ƙara masa ƙwai dafaffe, wake da aka dama, kifi da aka cire wa ƙaya, garin zogale, kabewa, ayaba ko gwanda, gwargwadon abin da ya samu. Daga wata shida zuwa takwas sau biyu ko uku a rana, daga wata tara sau uku ko huɗu. Ya samu kwanonsa shi kaɗai. Yaron da aka haɗa da manyan yara a kwano ɗaya kallo yake yi har a sauke hannu. Zuma kuma sai ya cika shekara.

Magani, rigakafi da alamun da ba a jira

Ki yanke doka ɗaya ki roƙa a riƙe miki ita: ba a ba shi komai na magani sai an kira ki. Wannan ya haɗa da dauri da jiƙo, da maganin kemis, da maganin tari ko na mura da ake ba yaro don ya yi barci a huta. Maganin haƙori ma haka. A 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin haƙori mai suna My Pikin da ya gurɓace da guba ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya. Fitar haƙori ba ta kawo gudawa mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi. In an ga haka, ciwo ne, a nemi asibiti. Wanzami kuma kada ya taɓa shi, ko cire beli ko tsaga, a bayan idonki.

Katin rigakafi ya zauna a jakar yaron, ki ɗauki hotonsa a waya. Bayan na ranar haihuwa, akwai na mako 6, 10 da 14, sai na wata 9 na ƙyanda da shawara da sanƙarau, sai na ƙyanda na biyu a wata 15. Ɓarkewar mashaƙo da ta addabi Kano da maƙwabtanta a 2023 yaran da ba su kammala allurarsu ba ta fi kamawa. In ranar ta faɗa ranar aiki, ki shirya wanda zai kai shi da kuɗin motarsu. Da damina masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 suna bin gida-gida wata-wata, kuma da rana suke zuwa lokacin ba kya nan. Ki gaya wa mai riƙo ta karɓa, ta kuma ba shi na kwana biyun da ke biye. Ki kai gidan sauro can ma don barcin rana.

Sai ki zaunar da ita ki lissafa mata abubuwan da in ta gani ba a jiran ki dawo, ba a jiran maigida, a ɗauke shi sai asibiti, a kira ki a hanya: ya ƙi shan nono ko komai, yana amayar da duk abin da ya sha, jijjiga, jikinsa ya saki ba ya farkawa sosai, numfashi da sauri ko haƙarƙarinsa na lotsawa, gudawa har ido ya faɗa, ko zazzaɓi ga jinjirin da bai kai wata biyu ba. Ki ajiye ledar gishiri da sukari ta asibiti da ƙwayar zinc a can, ki nuna mata yadda ake haɗawa kamar yadda aka rubuta a jikin ledar. Ki rubuta lambarki, ta uban yaron, da ta wani mai adaidaita ko mai babur na unguwa da kuka yarda da shi, ki liƙa a bango. In ba ta karatu, ki sa mata lambar a wayarta yadda dannawa ɗaya za ta kira.

Zagaya gidan da idon mai rarrafe

Gidan da aka daɗe ba a yi goyo ba ya manta da yaro. Ki zagaya tare da ita, ki gyara da hannunki ba tare da kin ce gidan yana da laifi ba. Rijiya ta samu murfi mai nauyi. Bokiti da baho da ruwa a ciki a kife ko a rufe, don ruwan da bai kai gwiwa ba yana kashe yaro cikin mintuna kaɗan, kuma ba a jin motsinsa. Kananzir da fetur da fiya-fiya da ake zubawa a gorar ruwa ko ta lemo, da shinkafar ɓera, da ƙwayoyin tsohuwa da ke ƙarƙashin filo, duk su hau sama inda hannu ba ya kai. In tsautsayi ya sa ya sha kananzir, kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja ko madara, a tafi asibiti. Murhu da kaskon suya da fulas ɗin ruwan zafi su yi nesa da inda yake wasa. In ya ƙone, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta kamar minti 20, ban da ƙwai, ban da makilin. Da hunturu kada a rufe ɗaki da garwashi a ciki, janareta kuma ya zauna a waje nesa da taga.

Yarinya ba ta riƙon jinjiri

Sau da yawa an ce "Inna ce ke riƙe da shi", amma in kika leƙa da hantsi, 'yar shekara tara ce ke yawo da shi a baya a bakin titi, ko an ɗora mata shi ta tafi talla. Wasu kuma ƙauye suke aikawa a kawo musu 'yar ƙanwa ta zama 'yar raino. Wannan yana damuna ƙwarai. Yarinya ba za ta gane numfashin da ya canza ba, ba za ta iya da wuta da ruwa da titi a lokaci ɗaya ba, in abu ya faru kuma ita za a ɗora wa laifin da zai bi ta har girma. Sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatu daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Bai dace ki fita neman abin da za ki ilimantar da naki ba, ki tsare 'yar wata a gida. In yarinya za ta taimaka, ta taimaka bayan an tashi makaranta, a gaban babba. In kin ɗauko ta riƙo, makarantarta da suturarta da abincinta su zama daidai da na 'ya'yanki.

Abin da ake jin kunyar faɗa

Yawancin yaran da ake lalatawa, wanda suka sani ne ke yi, ba baƙo ba. Ki san mazan da ke shiga gidan da rana, 'yan haya, samarin gida, almajirin da ake aika. Ki roƙa kada a bar yaro, mace ko namiji, ya shiga ɗakin samari ko shago shi kaɗai. Ke ki riƙa yi masa wankan dare da kanki kina duba jikinsa. In ya fara magana, ki koya masa cewa ba mai taɓa masa gaba ko baya, kuma duk abin da aka ce kar ya faɗa wa Umma, shi ne zai fara faɗa. In kin ga rauni, ko jini, ko yaro ya firgita da wani mutum farat ɗaya, kar a rufe don gudun abin kunya a dangi. A kai shi asibiti nan take, domin maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki sai an fara shi cikin awa 72 da faruwar abin yake aiki. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, an kafa su ne don irin wannan.

Mutum na biyu, da ranar da abin ya ƙi

Mai riƙo za ta yi zazzaɓi, za a yi mata rasuwa, za ta yi tafiya. Tun yanzu ki nemi mutum na biyu da yaron ya sani, ki riƙa kai shi wajenta jefi-jefi. Wasu matan gida ɗaya ko layi ɗaya suna yin karɓa-karɓa: mai aikin safe ta bar wa mai aikin yamma, ran Asabar ta rama mata. Maigida ma in yana da sarari da rana, riƙe ɗansa na awa biyu ba abin kunya ba ne.

Kullum in kin zo ɗauka, kar ki tsaya a zaure ki aika a miƙo shi. Ki shiga, ki ce sannu da aiki, ki tambaya me ya ci, sau nawa ya yi fitsari, ya yi barci ko bai yi ba. In za ki makara ki kira. Ranar hutunki ki riƙe abinki, kar ki mai da ita ranar unguwa ki sake kai mata shi. In kin ga abin da bai yi miki ba, ki bari sai kun keɓe, ki fara da godiya, ki faɗi abu ɗaya tak. Na gidan su miji, shi ya faɗa da bakinsa a matsayin ra'ayinsa, kada ya ce "ta ce".

Alamun gajiya ba sa ɓuya: an fara yi miki habaici, kina zuwa kina tarar da shi da jiƙaƙƙen wando tun na hantsi, nauyinsa ya tsaya a katin awo wata biyu a jere, ko kullum wani sabon hannu ne ke riƙe da shi. In ƙaramin abu ne, ki rage mata kwanaki, ki raba makon tsakaninta da mutum na biyu. In ya shafi lafiyarsa ko amincinsa, ki ɗauke shi a ranar, bayani ya biyo baya. Wajen janyewa kar ki kafa hujja da laifinta, kar ki kai ƙararta wajen dangi. Ku je ke da maigida kamar yadda kuka je da farko, ku ce, "Hajiya, mun ga ɗawainiyar ta yi yawa, ga jikin naku, mun samu wadda za ta riƙa taimakawa. Allah Ya saka da alheri." Na goron da kika saba bayarwa kar ki yanke shi a watan, ki ci gaba da shi gwargwadon hali, kuma ki riƙa kai mata yaron ran Juma'a ko ranar hutunki kina zaune a wurin.